Kayan naɗa harsashin takarda na Chassepot: abin da na gani bayan wata biyu

Maƙwabcina a nan Saint-Étienne ta ƙasar Faransa dattijo ne, Baba nake ce masa, kuma yana da tsohuwar bindigar Chassepot da ya gada wajen kakansa. A jikin ƙarfenta an zana sunan masana'antar makamai ta garin nan da shekarar samfurin, 1866. Ƙungiyarsu ta masu son tarihi za ta baje kolin kayan yaƙin 1870 tsakanin Faransa da Furushiya (wata tsohuwar daula ta Jamus), sai ya ce yana son a jera harsasai kusa da bindigar don yara su gani da idonsu. Hannunsa ya fara rawa, ni kuwa tela ne, yanka da naɗi su ne abincina. Shi ya sa na sayi kayan naɗa harsashin a intanet.

Namu na nuni ne kawai, ba albarushi a ciki. Garin katako muka ɗura.

Abin da ya zo a kwalin: sandar tagulla da ake naɗa takarda a jikinta, faranti biyu na ƙarfe na fitar da yanka, ɗan bututun awo, da damin takarda. Sandar nan ita ce ta biya kuɗinta. An goge ta sumul, takarda tana zamewa daga jikinta ba ta yage, kuma kaurinta ya dace da bindiga mai bakin milimita 11. Farantan yankan ma daidai suke. Na ɗora su a kan tef ɗina na awo, ban sami kuskure ba.

Wanda bai san bindigar allura irin Chassepot ba zai ce me ya sa ake wannan ƙaƙale a kan tsawo. A cikin sakatar bindigar akwai siririyar allura, ita ke huda gindin harsashi ta bugi ɗan abin da ke tada wuta. A bindigar Dreyse, wadda sojan Furushiya ya karɓa a 1841, sai allurar ta ratsa albarushin duka kafin ta kai gare shi, shi ya sa take ƙonewa tana karyewa, har sojoji suna yawo da wata a ajiye. Chassepot, wanda ya ƙirƙiro bindigar Baba, ya dawo da abin tada wutar zuwa gindin harsashi, allurar ta gajarta. To amma idan harsashin ya gaza tsawo, allura sai ta tura shi gaba maimakon ta huda shi. Idan ya zarce, sakata ba za ta rufu ba. Bututun awon da ke cikin kwalin yana kama wannan tun kafin a je ga bindiga, kuma na ji daɗinsa ƙwarai.

Inda suka ɓata mini rai takardar ce. Ta yi kauri, kamar bangon littafin makaranta. Zagaye biyu da gam, harsashi ya kumbura. Na farkon da muka gwada ya cije a tsakiya, Baba ya yi ta lallaɓa shi da sandar goge bindiga kafin ya fito a murɗe. "Ɗana, kar ka tilasta mata," in ji shi, "ta girmi kowa a unguwar nan." Guda goma sha biyu na zubar a daren nan. Da na koma ga siririyar takardar da nake yanka samfurin riga da ita, sai komai ya zauna. Na rubuta wa mai sayarwa, har yau shiru.

Takardar bayanin ma shafi ɗaya ce, da Faransanci, ba hoto ko ɗaya, kuma ba ta ce komai ba game da siririn mayafin siliki da ake lulluɓe harsashin asali da shi. Baba ne ya gaya mini. Na samo ƙyallen da ya rage daga wani ɗinkin biki, na naɗa, nan take suka yi kama da na gaske.

Mun jera guda ashirin a ranar baje kolin, ɗaya na tsaga shi biyu don a ga cikinsa, kuma wajensa yara suka fi taruwa. Zan sake sayen kayan saboda sandar da bututun awon. Takardar kuwa, mai saye ya tanadi tasa tun kafin kwalin ya iso.