Na biya jagora ya kai ni kamun salmon a tafkin Sebago, ga abin da na gani

Tun da na sa hoton kifin nan mutane ke ta tambayata ko kuɗin da na biya ya yi amfani, to bari in amsa gaba ɗaya in huta. Eh ya yi, zan ma ƙara biya, amma akwai abubuwa biyu ko uku da ban ji daɗinsu ba kuma zan faɗe su, don wanda zai cire ɗaruruwan daloli daga aljihunsa ya kamata ya san me zai tarar.

Ga waɗanda ba su san wurin ba, Sebago tafki ne a jihar Maine can arewa maso gabashin Amurka, bai kai tafiyar awa ɗaya a mota daga Portland ba, shi ne na biyu a girma a jihar kuma ya fi kowanne zurfi, ƙafa 316 a inda ya fi zurfi, ruwan da mutanen Portland ke sha ma daga nan ake jansa. Kifin da ake zuwa nema salmon ne amma ba irin wanda kuka sani mai tafiya teku ya dawo ba, wannan jinsinsu ɗaya da na tekun Atlantika sai dai shi a ruwan daɗi yake rayuwarsa duka, tafkin shi ne tekunsa. Tun 1969 jihar ta ɗauke shi a matsayin kifinta na hukuma.

Jagoran da muka ɗauka ni da wani abokin aikina dattijo ne, yana da lasisin jagoranci na jiha, wanda a Maine ba wasa ba ne sai ka ci jarrabawa, tsarin ma tun 1897 yake kuma mace ce ta fara karɓar lasisin, Cornelia Crosby. Ta intanet muka yi bukin, rabin yini, shi zai kawo jirgi da sandunan fatsa da duk kayan kamu da rigar ruwa mai hana nutsewa, mu namu lasisin kamun kifi ne kawai da kowa zai saya wa kansa a shafin hukumar kifi da namun daji ta jihar, minti kaɗan an gama. Ƙarshen watan Afrilu muka je don shi ya ce lokacin ne, ƙanƙara ta narke, ruwan sama-sama yana da sanyi, kifin ya taso sama yana bin abincinsa. Da zafi ya shigo kuwa sai ya nutse ƙasa saboda ba ya son ruwan da ya wuce digiri 18 a ma'aunin Selsiyas, daga nan sai an sa zare mai nauyi ko na'urar da ke sauke fatsa can ƙasa kafin a same shi.

Salon kamun ba irin na zama a bakin ruwa da tana a ƙugiya ba ne. Jirgi ne ke tafiya a hankali yana jan fatsa a baya, wata an ɗaura mata gashin tsuntsu an yi ta kamar ƙaramin kifi, wata kuma ainihin ƙaramin kifin ne da suke kira simelt aka ɗinke a jikin ƙugiya da ɗan lanƙwasa don ya riƙa juyawa cikin ruwa kamar mai rauni. Na tsaya na kalli yadda dattijon nan ke ɗinka shi da yatsu cikin wannan sanyi, wallahi aiki ne na hannu, bai ɗauke shi minti ɗaya ba. Ɗaya daga cikin fatsun gashin ya ce sunanta Gray Ghost, wata mata Carrie Stevens ta ƙirƙiro ta a yankin Rangeley a 1924 kuma har yau da ita ake kamu. Wajen bakin kogin Songo muka fi zagayawa saboda nan simelt ke taruwa za su hau kogi su yi ƙwai, salmon kuma yana biye da su.

Da kifin ya ci fatsa kuwa sai ka ji abin naɗe zaren ya yi ƙara, kafin ka miƙe tsaye ya riga ya yi tsalle sama da ruwa yana sheƙi kamar azurfa, ya faɗa ya ƙara tashi. Ba ƙato ba ne fa, yawancinsu inci 16 zuwa 18 ne, amma ƙarfinsa ya fi jikinsa nesa ba kusa ba.

To a nan ne abin da ya sa na ce kuɗin ya yi amfani ya zo. Da muka shigo da na farko cikin raga, kafin ma in ɗauko waya, dattijon ya juya shi a ruwa ya nuna mana wani ɗan ƙaramin fiffike mai tsoka a bayansa kusa da wutsiya, ya duba sauran fikafikan ɗaya bayan ɗaya, ya ce wannan ɗan kogi ne ba ɗan gwamnati ba. Na ce Baba me kake nufi, sai ya zauna ya yi mana bayani tiryan-tiryan. Waɗanda aka ƙyanƙyashe a gidan ƙyanƙyasa aka zuba a tafki ana yanke musu fiffike ɗaya kafin a sake su, don duk wanda ya kama ya gane, ma'aikata kuma su iya lissafin shekarunsa. Wanda fikafikansa suke cif, mai yiwuwa a kogi aka haife shi. Kuma kogin da ake magana shi ne Crooked, wanda ke gangarowa daga arewa ya haɗu da Songo ya zuba a tafkin, kusan duk salmon ɗin Sebago da ba na zubawa ba daga can suke fitowa.

Abin da ban taɓa tunani ba shi ne tafki komai girmansa komai tsabtarsa ba ya haifar da salmon. Sai da kogi. Daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba manyan ke barin tafki su hau ruwa mai gudu, macen ta nemi wuri mai tsakuwa mai tsabta ta tona rami da wutsiyarta ta zuba ƙwai namiji ya bi ta kai, ta rufe da tsakuwa, ƙwan nan ya kwana a ƙasa duk tsawon hunturu ruwa mai sanyi na ratsa tsakuwar yana kai masa iska, sai bazara ya ƙyanƙyashe. 'Ya'yan kuma ba sa sauka tafki nan take, sai sun yi shekara ɗaya zuwa huɗu a kogin suna cin ƙwari kafin su gangaro su fara cin simelt su yi girma. Iyayen ma ba dole su mutu bayan ƙwai ba kamar na tekun Fasifik, wasu na komawa tafki su sake dawowa wata shekarar. Saboda haka in laka ta rufe tsakuwar, ko aka sare itatuwan bakin kogi rana ta ɗumama ruwan, ko aka yi dam ko kwalbati da kifi ba zai iya wucewa ba, shi ke nan haihuwa ta tsaya ko da tafkin na nan lafiya lau.

Wannan shi ya sa yawancin tafkunan da ke da salmon a Maine sai an riƙa zuba musu duk shekara ko bayan 'yan shekaru. Asali kafin 1868 wurare huɗu ne kacal ke da shi a jihar, tafkunan Sebago da West Grand da Green da Sebec, a shekarar ne aka fara zuba shi a tafkin Cathance da ƙwan da aka ɗauko daga kogin Grand Lake Stream, yau ga shi yana cikin tafkuna sama da 300, har Ajantina an kai irin na Maine a farkon ƙarni na 20. A wasu wuraren da aka zuba ya samu kogi mai kyau ya kama haihuwa da kansa har aka daina zubawa, a mafi yawa kuwa bai samu ba, ranar da motar gidan ƙyanƙyasa ta daina zuwa to lissafi ya fara. Duk mai kiwon tarwada a gida zai gane wannan, ka cika kududdufi da ita ta yi ƙiba amma ba za ta yi maka ƙwai ba sai an yi mata allura an matse, in ba haka ba sai ka koma sayen 'ya'ya. Har Sebago da ke da kogin Crooked ana ƙara masa na zubawa, ana tare manya a kogin Jordan a garin Raymond lokacin kaka a matse ƙwai a kai gidan ƙyanƙyasa na Casco.

Ni dai tun da ya faɗi haka kifin ya canza a idona. Wanda ke cikin ragar ya fito daga ƙwai a ƙarƙashin tsakuwa, ya tsira daga ambaliya da tsuntsaye da manyan kifaye shekara da shekaru kafin ya iso hannuna. Dattijon bai hana mu ɗauka ba, ya ce in ya kai tsawon da doka ta sa haƙƙinmu ne, amma ya ce shi in son samu ne a saki na kogi a ɗauki mai yankakken fiffike. Muka sake shi. Ya nuna mana a jiƙa hannu kafin a taɓa shi, kada a matse cikinsa, kada a daɗe da shi a iska, a riƙe shi cikin ruwa har sai ya fizge da kansa. Daga baya abokina ya kama mai yankakken fiffike shi muka tafi da shi gida.

Ya kuma yi mana maganar wani kifin zurfi da suke kira tog, wanda aka fara zubawa a Sebago a 1972 don a ƙara wa masunta abin kamu, sai ya samu wuri ya hayayyafa fiye da yadda aka zata, shi a kan duwatsun cikin tafki yake ƙwai bai buƙatar kogi, kuma abincinsu ɗaya da salmon wato simelt. In simelt ya yi ƙaranci salmon ya rame ya ƙi girma. Shi ya sa yanzu doka ke ƙarfafa mutane su kwashi ƙananan tog ɗin. Ga kuma wani mai haƙora da ake kira faik da wasu suka saka a ɓoye ba bisa doka ba, aka gano shi a 2003. Yadda mutumin nan ke maganar abin kamar gonarsa ce aka yi wa ɓarna, kuma ni na ga gaskiyarsa.

Yanzu abin da ban so ba. Na farko talla. Shafinsa cike yake da hotunan manya-manyan kifaye da labarin wanda Edward Blakely ya kama a tafkin a 1907 mai fam 22 da rabi, sama da kilo 10, wanda har yau ba a karya ba a jihar. Labarin gaskiya ne amma wanda bai sani ba zai zo da tsammanin irin wannan, alhali abin da za ka kama fam ɗaya da rabi ne zuwa uku in ka yi sa'a. Mutumin da ya san gaskiyar tafki haka bai kamata ya bar shafinsa na faɗin wani abu daban ba, na gaya masa kuma ya ce ɗansa ne ya haɗa shafin.

Na biyu sanyi, kuma wannan laifinsa ne don saƙon da ya turo cewa kawai ya yi a zo da jaket. Jaket ina! Ƙarshen Afrilu a tsakiyar Sebago da sassafe iska na kaɗawa a kan ruwan da bai daɗe da narkewa ba, jirgin kuma buɗaɗɗe ne ba rumfa ba abin ɗumama, yatsuna sun ƙage har ɗaure ƙugiya ya gagara. Duk wanda zai je ya sa kaya hawa uku, safar hannu, hular sanyi mai rufe kunne, da takalmin da ruwa ba ya shiga. Ba banɗaki a jirgin kuma, wanda zai je da iyali ya tambaya tun kafin ya biya. Tafkin yana da faɗi, in iska ta tashi igiyar ruwa na da ƙarfi, a nan kam na yaba masa don da ya ga ta fara sai ya ja mu gefe ba tare da gardama ba kuma bai bari kowa ya cire rigar ruwa ba.

Na uku kuɗi. Farashin da ke shafi ba shi ne ƙarshe ba, akwai lasisi, akwai tukuici da al'adarsu ce a ba jagora bayan an sauka, ga man mota. Raba kuɗin da muka yi mu biyu ne ya sa abin ya zo da sauƙi, mutum ɗaya zai ji a jikinsa.

Wajen abinci da salla bai ba mu matsala ba ko kaɗan. Na gaya masa tun a waya ba ma cin naman alade, ya kawo burodi da ƙwai da cuku da shayi mai zafi a fulas, ya ce wasu jagororin in za su soya kifi a bakin ruwa da kitsen alade suke yi don haka a riƙa faɗa da wuri. Fita ana yinta tun duhu, muka ce ya ba mu minti goma mu yi asuba a wurin ajiye motoci, ya koma gefe yana haɗa kaya har muka idar.

In za ku yi bukin ku tambayi jagoran kai tsaye ko zai nuna muku bambancin na kogi da na zubawa, amsar da zai bayar za ta nuna muku ko masanin tafki ne ko direban jirgi kawai. Ku kuma duba littafin dokar shekarar, don ƙa'idar jiha gaba ɗaya ita ce tsawon kifi ya kai inci 14, kuma kifi 2 a rana, amma Sebago da wasu ruwaye na da tasu ta musamman kuma tana canzawa.

Abu ɗaya da bai faɗa mana ba kuma ya kamata ya faɗa shi ne gargaɗin sinadarin makuri mai guba a kifin ruwan daɗi na jihar. Hukumar lafiya ta Maine ta ce mai ciki da mai shayarwa da yaro ƙasa da shekara 8 kada su wuce cin wannan salmon sau ɗaya a wata, sauran mutane sau ɗaya a mako, tog kuwa da ire-irensa masu ciki da ƙananan yara su bar shi gaba ɗaya. Matar abokina na shayarwa a lokacin, a littafin doka muka gani da kanmu bayan mun dawo, muka kira shi muka ce don Allah ya riƙa gaya wa mutane, ya ce zai sa a cikin saƙon da yake turawa.