Fentin tsohon keke ya ƙarje: me za ka saya?

Kafin ka taka zuwa shagon fenti, wanke wurin da sabulu, ka shanya, sannan ka ja farcenka a kan ƙarjewar. In farcen ya wuce sumul, fatar sama ce kawai ta ji ciwo, man goge fentin mota da tsumma mai laushi sun wadatar. In kuwa farcen ya maƙale, ko kana hango farin ƙarfe ko jar tsatsa, to akwai aiki. Tsofaffin Raleigh da Phoenix da Hero duk ƙarfe ne, kuma ƙarfen da ya rasa sutura damina ɗaya ta ishe shi fara ruɓewa.

Mafi araha shi ne man farcen mata. Kar ka yi dariya, yana aiki a kan tabon da bai wuce ƙwayar gero ba: da ɗan burushinsa yake zuwa, ya bushe cikin mintuna, kuma ana samun baƙi da marar launi. Sai dai ba ya jure rana da guga, bayan wani lokaci sai ka ga ya ɓamɓare.

Ni abin da nake saya shi ne ƙaramin gwangwanin fentin mai, irin wanda ake shafa wa ƙofofin ƙarfe, da jan fentin ƙarƙashi mai hana tsatsa, da sanfefa mai lamba 400 da 1000. A nan ne mutane ke yin kuskure, su shafa fenti a kan tsatsa don gaggawa, ita kuma ta ci gaba da cin ƙarfen daga ciki har fentin ya yi bororo. Naɗe sanfefar a tsinke, ka kankare tabon kaɗai har ƙarfen ya yi haske, ka goge maiƙo da tina (ruwan da ake tsinka fenti da shi), ka ɗiga jan fentin. Washegari sai ka ɗora launin da tsinken ashana ko siririn burushi, shafi biyu ko uku marasa kauri, kana barin kwana guda tsakaninsu. Bayan mako ka lallaɓa da jiƙaƙƙiyar sanfefa 1000 don ya daidaita da kewayensa. Mai baƙin keke ya huta, don baƙi ba ya wuyar dacewa. Kore da ja kan koɗe da shekaru, saboda haka tura keken har bakin shagon a gwada launin a rana, kar ka dogara da murfin gwangwani.

Fentin feshi na gwangwani sai wurin ya yi faɗi, kamar inda kariyar ɗaukar kaya ko sarƙar kulle ta daɗe tana guga. Yana kwanciya lumui, amma dole ka rufe sauran jikin da jarida da salatif, ka fesa daga nisan santimita 20 zuwa 30. Kuma ka guji ranar da hazon hunturu ya sauko, ƙura za ta manne kamar an barbaɗa gari. Gwada shi tukuna a ɓoyayyen wuri, domin wani feshin yana sa tsohon fenti ya yamutse.

Saura kai wa mai fentin mota ya kankare duka ya sake. Shi ya fi tsada, sai an warware keken kaf, kuma siraran layukan nan masu ruwan zinariya da rubutun kamfani sun tafi ke nan. Keken da aka gada daga mahaifi, mai tambarin Raleigh na kan zalɓe a goshi, ba zan ba da shi a yi masa haka ba sai tsatsa ta mamaye ko'ina. In kuma ta riga ta huda bututun jikin keken, musamman ƙasa wajen feda inda ruwa ke taruwa, ajiye kuɗin fentin ka nemi mai walda ya duba tukuna.