Damina biyu a ɗakin tubalin inji

Ranar da na gaya wa Kawu da jar ƙasa zan gina ɗakuna biyu a filina da ke bayan garin Zariya, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce, "Duk bokon naka, ginin ƙasa za ka koma?" Na ce masa wannan ba tubalin da ake mulmulawa da hannu ba ne. Jar ƙasa ake tankaɗewa, a zuba siminti kamar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, a yayyafa ruwa, inji ya matse ta. Ba a gasawa, lulluɓewa ake yi da leda ya yi makonni kafin a fara ɗorawa.

Don sanyi na yi shi, kuma na samu. A watan Afrilu, bayan Azahar, in ka dafa bangon bulo na maƙwabcina sai ka janye hannu. Nawa daga ciki lami yake, domin ƙasa mai kauri a hankali take shan zafi. Amma kada a yaudare ka da cewa firij ne: bayan Isha'i bangon yakan fara amayar da abin da ya sha, dole a buɗe tagogi. Duk da haka sola ƙarama ta ishe mu, faifai biyu da batir ɗaya, suna riƙe fanka da fitilu da cajin waya. Janareta na sayar, mun huta da hayaƙi. Da hunturu dai sai na hau na goge ƙurar faifan, in ba haka ba batir ba ya cika. Fenti ma ban yi ba, farar ƙasa aka shafa, muka tare babu warin komai.

Inda na sha wuya shi ne ruwa. Maginin da na ɗauka ya saba da bulo, sai ya yi min harsashi gajere, bakin kwano kuma bai fito sosai ba. Ruwan Agusta na sauka daga rufi yana fantsama gindin bangon gabas. Kafin damina ta fita, layi biyu na ƙasa sun jiƙe, in ka kankara da farce sai gari ya zubo. Sai da na ƙara kwano, na yi wa gindin filasta har gwiwa. Abin haushi, magabatanmu sun san wannan tuni, shi ya sa suke sa indararo mai tsawo, suna shafa makuba, wato yaɓen gargajiya mai kare bango daga ruwa. Bakan gizon rufin ƙasa da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure a Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830 ya yi sama da shekara 180 a tsaye, kafin wani sashe na masallacin ya rufta a 2023.

Maganar araha kuwa, a rage zuzutawa. Abin da na rage a siminti, hayar inji da tifar ƙasa da wannan gyara sun cinye kusan duka.

Ɗaki na uku ma da wannan tubalin zan yi, amma sai na ga aikin magini da idona, wanda ya ci damina. Kawu kuwa, tun azumin bana a ɗakina yake ƙailula, har tabarmarsa ya bari a nan.