Wasiƙa daga Oksfod a kan laktayen da ka ce in aiko

Auta, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kowa yana lafiya. Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce mata ina nan ina yi mata addu'ar samun sauƙin ƙafar.

Saƙonka ya iso, inda ka ce in samo maka laktaye mai tambarin wata kwaleji ta nan, ka ɗaura ranar ganawar neman aiki. Ranar Asabar na zaga saboda kai. Na shiga Walters a titin Turl, na leƙa Shepherd & Woodward a babban titi, duka tsofaffin shaguna ne masu sayar da kayan kwalejoji. Jami'ar nan tana da kwalejoji sama da 30, kowace da launinta da tambarinta. Laktayen iri biyu ne, akwai mai ratsi a karkace, akwai mai ƙananan tambura a jere kamar an yayyafa.

Kayan dai ba a magana. Na silikin, tambarin saƙa shi aka yi cikin yadin, in ka juya bayansa za ka ga zaren. Har yau ana saƙar siliki a garin Sudbury da ke Suffolk. In ka ƙulla shi sai ya zauna daram a wuya, ba kamar na robar da muke saya a Sabon Gari ba, wanda kafin azahar ya murɗe. Sai dai kada ka ɗauka komai nasu ya fi namu. Aikin allurar da ke wuyan babbar rigar Baba, aska takwas ɗin nan, da a nan aka yi shi da hannu, albashin wata ba zai saye shi ba. Kuma babu tayi, abin da aka rubuta shi za ka biya, a ba ka rasiɗi. Na yi kewar ɗan kasuwarmu da zai jawo maka benci, ya tambayi mutanen gida kafin a fara ciniki.

Abin da ya tsayar da ni tambaya ɗaya ce da mai shagon ya yi mini cikin ladabi: wace kwaleji? A nan laktaye mai tambari magana yake yi, yana cewa ga inda na yi karatu, ko ga rundunar da na yi wa aiki. Akwai kulob ɗin 'yan wasannin motsa jiki na jami'ar nan mai suna Vincent's da aka kafa a 1863, nasu shuɗi ne mai duhu da ƙananan kambuna, kuma sai ɗan kulob ke ɗaura shi. Babu ɗan sandan da zai kama ka don ka ɗaura na wasu, kunya ce kawai za ta kama ka ranar da wani dattijo ya miƙo hannu da fara'a ya ce, wace shekara ka gama? Ka san rawani mai kunne biyu a Kano, ba kuɗin yadi ne ke hana talaka naɗa shi ba.

Amurkawa sun fi sassauci. Salon suturar ɗaliban jami'o'in Yale da Harvard da Princeton ya aro laktayen Ingila ya mayar da shi ado. Shagon J. Press, wanda ya buɗe a New Haven a 1902, da Brooks Brothers na New York, suna sayar da masu hoton agwagwa ko kare ko kifi, ba na kowace ƙungiya ba. Ko ratsin ma ya bambanta: na Ingila yakan sauko daga kafaɗar hagu zuwa dama, na Amurka daga dama zuwa hagu. Masu son irin wannan shiga sun rabu. Wasu na ganin laktaye mai dabbobi wasan yara ne a wuyan babba, wasu na cewa shi ke sa kwat ta daina kama da kayan ma'aikacin banki. Ni ban ga aibinsa ba in hoton ƙanana ne, launin kuma ba mai ihu ba, domin agwagwa ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Tambarin makarantar da ban zauna a ajinta ba ne ba zan ɗaura ba, kuma ba na so ka ɗaura.

Ka sha wahalar digirinka shekara da shekaru, da yajin aiki da komai. Ba na so mai yi maka tambayoyi ya fara da shakkar abin da ke wuyanka. In ƙungiyar tsofaffin ɗaliban jami'arku tana da nata, nemi wannan, naka ne halak malak.

Na saya maka na siliki, shuɗi mai duhu da ƙananan ɗigo farare, zai hau da kwat ɗinka mai ruwan toka. Zan ba wani da zai zo gida kafin Sallah. Kada ka wanke shi da ruwa, kada ka ɗora masa dutsen guga mai zafi, kuma in ka dawo da yamma ka kwance ƙullin, ka naɗe shi, ka ajiye a durowa. Allah Ya sa a dace da aikin.

Naka, Yaya.