Lokar gaba: ta iska, ta lantarki, ko mai kulle kanta?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya yi tambaya jiya da dare. Yana da Land Cruiser 80 wadda ba ta zo da loka (makullin difarensha da ke sa tayoyi biyu su juya tare) daga kamfani ba, ya riga ya sa ta baya, yanzu kuma yana neman ta gaba saboda hanyar gonarsa da damina. An kawo masa guda uku: ARB mai aiki da iska, Eaton ELocker mai lantarki, da 'yar ƙaramar nan mai araha irin Lock-Right ko Aussie Locker da ke kulle kanta. Wace zai ɗauka?

Malam, bari mu fara sallamar ta ukun. Aikin difarensha shi ne ya bar tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana. Aibinsa kuma, da taya ɗaya ta faɗa taɓo ko ta ɗaga sama, sai ita kaɗai ta yi ta wulwulawa, wadda ke kan tsandauri tana tsaye ƙyam. Loka takan ɗaure su biyun su juya tare. Mai kulle kanta ba ta neman izininka: ka taka totur ta kama, ka sassauta a kwana ta saki da ƙas-ƙas. A tayoyin baya ana iya zama da ita. A gaba kuwa sitiyarinka take riƙewa. Mai Hilux da ke cire giyar taimako ya buɗe hob (makullin da ke cibiyar tayoyin gaba) idan ya hau kwalta zai iya lallaɓawa da ita, amma yawancin 80 tayoyi huɗu ne ke ja dare da rana, ka ga kullum kana kokawa da mota ke nan, har a shataletalen cikin gari. Gaskiya ne ta fi sauƙin sawa, domin ƙananan giyoyin ciki kawai ake musanyawa. Duk da haka ban ba ka shawarar ta ba.

Saura biyun duka da maɓalli suke, kai ke kunnawa kai ke kashewa, kuma a kashe motarka kamar ba a taɓa ta ba.

ARB, ta kamfanin Ostireliya, kamawarta da sauri take kuma tana riƙewa gam ko gaba kake ko ribas. Amma tana tafe da 'yan rakiya: kwamfiresa, bawul mai lantarki, siririn tiyo daga gaban mota zuwa aksul, da robobin sil a ciki. Kowane ɗayansu ƙofar matsala ne. Ni a tawa motar, wani bakanike ya bi da tiyon kusa da salansa. Ranar da na kafe a wani kwari, na danna maɓalli, kwamfiresa ta yi ta gurnani ba ta tsayawa, taya ɗaya tana ta feshin laka. Sai da na kwanta ƙarƙashi da ruwan omo a gora, ina shafawa ina kallo, kafin kumfa ta nuna mini inda zafi ya huda shi. Gyaran bai fi minti goma ba, amma kayana sun sha taɓo.

ELocker waya ce kawai da fis da rile, maganaɗisu ne ke tura makullin. Babu iska balle yoyo, kuma duk garin da ka shiga akwai mai gyaran wayar mota. Nata halin shi ne sai taya ta ɗan juya kafin ta kama, sannan idan ka sauya daga gaba zuwa ribas takan saki na ɗan lokaci ta sake kamawa. Ga mai hawan duwatsu da ke jijjiga mota gaba da baya, wannan abin dubawa ne. Ga hanyar gona da taɓo, da wuya ka lura.

Ko wace ka ɗauka, mai sa ta ya fi ta muhimmanci. Difarenshan gaban 80 mai inci 8 ne, shaf ɗinsa haƙora 30. Ka tabbatar lambar kayan ta gaba ce, ba ta baya ba, domin ba ɗaya suke ba. Sai an cire tayoyi da hob, an zaro shaf biyu, kafin tukunyar giyar ta fito. Tunda an buɗe, a canja sil ɗin ciki a sake cika girisi. Ka tambayi bakaniken ko yana da agogon auna ratar da ke tsakanin haƙoran babbar giya da ƙarama. In ya ce da hannu yake ji, ɗauki kayanka ka yi gaba, domin kuskure kaɗan a nan shi ne kukan da za ka riƙa ji a kan titi har giyar ta cinye. A shafa fenti a haƙora a ga inda suke haɗuwa, a sa sabon boris, a sa gam a notunan babbar giya. Duka biyun sai an huda jikin ƙarfe, ɗaya don tiyo ɗaya don waya, don haka a wanke ɓarɓashin tas. In ARB ce, a lanƙwasa bututun jan ƙarfen nesa da haƙora, a hura mata iska a kan benci a ga tana riƙewa kafin a mayar.

Abin da ke karyewa bayan an sa lokar gaba shi ne gaɓar shaf ɗin nan da ake kira Birfield, musamman idan an murɗe sitiyari ƙarshe aka taka totur. Toyota da kansu, a 80 ɗin da suka sa wa loka, sun yi maɓallin yadda sai ta baya ta shiga kafin ta gaba, kuma gudun bai wuce kilomita 8 a awa ba. Ka bi wannan tsarin: tayoyi a miƙe, giya ƙasa, ka fita ka kashe. A yashi ma ba ita ce gwana ba; direbobin hanyar Agadas zuwa Dirku rage iskar taya suka fi dogara da shi.

Abin da ba ka faɗa mana ba shi ne irin wadda ka sa a baya. In ARB ce, kwamfiresa na nan, bawul ɗaya da tiyo da maɓalli kawai za a ƙara mata, sai ka ci gaba da ita. In ba ita ba ce, ni ELocker zan saya, in sa a ɗaure wayar sama da aksul inda kututture ba zai fizge ta ba.