Ledar auna jinin haihuwa, bayan wata shida ina aiki da ita

Lokacin da na fara aiki a ɗakin haihuwa bayan kammala makarantar ungozoma, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sa'a ta farko bayan jariri ya faɗo, domin a wannan sa'ar ce ake bukatar in tantance ko jinin da mai jego take zubarwa na al'ada ne ko ya wuce kima. A aji an koya mana cewa mililita 500 cikin sa'o'i 24 shi ne ma'aunin zubar jini mai bukatar magani, amma ido ba ya iya ƙiyasta hakan a jikin zane da auduga, kuma yawanci ragewa yake yi.

Ledar da nake magana a kanta ana shimfiɗa ta ne a ƙarƙashin mai haihuwa, tana da aljihu mai tsini wanda yake rataye a bakin gado, an zana masa layukan awo. Jini yana gangarawa ciki, ungozoma kuma tana karanta adadinsa kamar yadda take karanta sirinji. Da ita aka yi gwajin E-MOTIVE, wani bincike kan magance zubar jini bayan haihuwa, a asibitoci 80 na Najeriya, Keniya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano take cikin jagororinsa. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna raguwar kusan kashi 60 cikin ɗari na zubar jini mai tsanani da munanan abubuwan da ke biyo bayansa, amma ya kamata a lura cewa ledar ba ita kaɗai ta yi wannan aiki ba. An haɗa ta da murza mahaifa, allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, maganin tiranezamik asid mai taimakawa wajen tsayar da jini, ƙarin ruwa da duba inda jinin yake fitowa, duk a lokaci guda.

Babban amfaninta ga sabuwar ma'aikaciya shi ne tana ba ta bakin magana. Wata rana da dare na ga jini ya kai layin 500 alhali matar tana hira da mahaifiyarta, ba ta nuna wata alamar galabaita ba. Da a ce da ido kawai na dogara, da na ji nauyin taso babbar sista; amma da na ce mata, "Anti, ya kai ɗari biyar," nan take ta miƙe muka fara magani, matar kuma ta koma gida lafiya.

Tana da nata matsalolin. Idan aka buɗe aljihun kafin jariri ya fito, ruwan faya da fitsari suna shiga su ɓata awon, kuma sai da na ɗauki makonni kafin hannuna ya saba da lokacin buɗewar. Sau ɗaya ake amfani da ita, saboda haka tana ƙara sharar da dole a ƙone, sannan a lokacin zafi mata suna kukan tana manne musu a jiki.

Duk da haka, ina shawartar duk wadda za ta fara aikin kula da masu jego ta tambayi ko asibitin yana da wannan leda, ta kuma nemi a nuna mata yadda ake shimfiɗa ta tun kafin ranar da za a bar mata aikin dare ita kaɗai.