Lesin ɗin kimiyya na hutu a Tumfure, ra'ayina tsakani da Allah

Iyaye 'yan uwa na Gombe, masu tambaya ta akan lesin ɗin kimiyya da ake yi wa yaran firamare 5 zuwa JSS a wani gida nan Tumfure, ga abin da na gani. A takaice dai ya cancanci kuɗinsa, amma akwai gyara kuma zan faɗa.

Abin da ya daɗe yana damuna shi ne yaranmu suna haddace abu ba tare da sun san me suke faɗa ba. Ka tambayi yaro yanayin abubuwa nawa ne, nan take zai ce uku, daskararre da mai ruwa-ruwa da iska, to ka ce masa me yasa man ja yake daskarewa da sanyin hunturu amma lokacin zafin Afrilu ya narke tsululu, sai ya tsaya yana kallonka. Wannan malamin ta nan ya ɓullo, kuma shi yasa na yaba masa.

Ranar farko ko alli bai taɓa ba. Ya ce musu duk abin da yake da nauyi kuma yake cin wuri, dutse ne ko ruwa ko iskar da ke cikin balan-balan, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido baya gani kuma ƙwayoyin nan basa zama shiru. Sai ya fitar da yaran tsakar gida ya jera su kafaɗa da kafaɗa kamar sahun sallah, kowa yana ɗan motsi a inda yake, ya ce kun zama ƙanƙara. Ya ce to zafi ya ƙaru, suka fara zagaya juna amma suna manne, wannan ruwa kenan, daga nan ya ce kowa ya watse da gudu, sun zama tururi. Yaran nan dai su ne, ba a ƙara ko ɗaya ba ba a rage ba, tazara da motsi ne kawai suka canza. Wallahi ni da nake zaune gefe da sauran iyaye sai da na ji abin ya zauna min daram.

Kayan aikinsa ma ba wasu na a zo a gani bane, duk abin da ke gidajenmu ne. Ƙanƙara daga mai firiza, man kaɗanya, kafur, sirinji mara allura, butar shayi da ma'aunin zafi guda ɗaya. Da sirinjin ya nuna musu idan ka toshe bakin da yatsa iska tana matsuwa amma ruwa ko gezau, saboda ƙwayoyin ruwa dama a kusa suke babu sauran wuri. Ya sa ma'auni cikin ƙanƙara tana narkewa suka ga yana wajen digiri 0 ya ƙi hawa sai da ta gama narkewa kaf, sannan ya ce ruwa yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, amma a wuri mai tudu irin Jos baya kaiwa haka yake tafasa don iskar da ke danna shi ta ragu. Ya kuma gyara musu wani abu da ko manya ba kowa ya lura ba, wai farin hayaƙin da muke gani a bakin buta ba shi ne ainihin tururin ba, shi tururi ba a ganinsa, wancan ya riga ya fara komawa ƙananan ɗigon ruwa.

Kafur ɗin kuma 'yata har yau maganarsa take yi, yadda yake ƙanƙancewa cikin akwatin kaya bai taɓa jiƙa zani ba, daga daskararre kai tsaye yake wucewa iska. Da dalilin da yasa kwalba cike da ruwa take fashewa a firiza, ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, shi yasa ma ƙanƙara take yawo a saman ruwa.

Amma inda ya fi burge ni batun silindar gas ne, don wannan rai ya shafa. Ya ce gas ɗin da ke ciki mai ruwa-ruwa ne, matsi ne ya mayar da shi haka, sai ya fito yake zama iska, shi yasa in ka girgiza kake jin motsi kuma shi yasa ba a cika ta maƙil, ana barin sarari a sama don in zafi ya yi ya samu wurin buɗewa. Ya ja musu kunne sosai kar a bar ta a rana, kuma warin da ake ji da gangan ake zuba shi don a gane in tana yoyo. Yanzu yarinya ce take tuna wa mutan gida.

Gyaran kuwa, ɗakin ya yi kaɗan, yara sun yi yawa a benci kuma in babu wuta fanka ta tsaya zafin ba a magana. Baya farawa akan lokaci, iyaye masu zuwa daga Pantami ko Jekadafari a keke napep suna shan jira. Yanayi na huɗu da ya ambata wato filasma, wanda ya ce shi ne a rana da walƙiya, wucewa kawai yayi da sauri yaran basu kama komai ba. Sannan rubutu yayi ƙaranci, mai shirin jarrabawar JSS 3 yana buƙatar abin da zai koma ya karanta a gida, na faɗa wa Malam haka kuma ya karɓa hannu bibbiyu.

Wanda zai kai nasa ya nemi ajin safe kafin rana ta take, ya haɗa yaro da ruwan sha da littafin rubutu daban, in da hali kuma ki zauna ranar farko ki gani da idonki kafin ki biya.